Sauya manhajar lura da kwamfutoci daga nesa: tambayoyin da masu gyara na karkara suka fi yi

Ina kula da kwamfutocin makarantu, ƙananan asibitoci, shagunan magani da wata cibiyar jarrabawa a garuruwan da ke tsakanin Ringim, Gumel da Haɗejiya. Sau biyu na kwashe su daga wata manhajar lura zuwa wata, na farko da kuka, na biyu da dama-dama. Tun daga nan abokan sana'a ke kira na, ko su tare ni a Farm Centre in mun shigo Kano sayen kaya, tambayoyin kuma kusan iri ɗaya ne. Ga su na tara, na fara da na sabon shiga.

Wai mece ce RMM ɗin nan? Ba ita ce AnyDesk ɗin da muke shiga kwamfutar mutane da ita ba?

A'a. AnyDesk da TeamViewer da RustDesk ƙofa ce kawai: an kira ka an ce firinta ta ƙi, ka karɓi lamba, ka shiga, ka gyara, ka fita. Bayan fitarka ba ka san halin da kwamfutar ke ciki ba sai an sake kira. RMM kuwa, wato manhajar lura da kwamfutoci daga nesa, mai gadi ne da ka ajiye a gidan. Ana dasa 'yar ƙaramar manhaja a kowace kwamfuta, mu a nan ejan muke ce mata, ita ke aiko maka rahoto zuwa allo ɗaya: wannan faifanta ya kusa cika, waccan rabonta da sabunta Windows wata huɗu, ta ofishin akawu an kashe mata antibairos. Ta hannun ejan kana iya tura umarni ga kwamfuta ɗari a lokaci guda, wanda ke zaune gabanta bai ga komai ya motsa ba.

Sunayen da za ka riƙa ji su ne NinjaOne, Atera, Syncro, Datto RMM, Kaseya VSA, ConnectWise Automate, N-central na kamfanin N-able, sai Tactical RMM da mutum ke ɗora wa kansa. Kusan dukkansu akwai hanyar shiga allo a cikinsu, don haka mai RMM ba lallai ya nemi AnyDesk ba. Ka riƙe abu ɗaya tun yanzu, don zai dawo a amsoshin gaba: ejan da asusun SYSTEM yake aiki, wato babu ɗakin da ba ya shiga a cikin Windows.

Me ke sa mutum ya bar wadda ya saba da ita?

A wajenmu dala ce kan gaba. Kafin Yunin 2023 farashin gwamnati bai kai naira 500 ba, a farkon 2024 ya haura 1,500. Kuɗin manhajar bai canja a takarda ba, amma abin da ke fita daga aljihunka ya ninka, shi kuwa shugaban makarantar da ke biyan ka duk zango bai san wannan zance ba.

Sai canjin hannu. Kaseya ya sayi Datto a 2022 kan dala biliyan 6.2, N-able ya rabu da SolarWinds a 2021, kuma duk sa'ad da kamfani ya canja mai shi, farashi da sharuɗɗa da masu amsa kuka kan iya canjawa. Akwai kuma wanda ejan ɗinsa ya yi wa tsofaffin kwamfutoci nauyi. Waɗannan dalilai ne masu kama hankali. In kuwa naka shi ne ka ga allon abokinka ya fi naka kyan gani, zauna inda kake. Sauyi na cin wata biyu zuwa uku, ban da man babur.

Biya kan kowace kwamfuta ko kan kowane ma'aikaci, wanne ya fi mana?

Atera da Syncro kan ma'aikaci suke caji, ko kwamfuta goma kake riƙe da ita ko ɗari biyar. NinjaOne da Datto da N-able kan kwamfuta. Mutum ɗaya da yaronsa masu kula da kwamfutoci da yawa, na farkon ya fi musu. Wanda bai wuce talatin ba, na biyun kan fi sauƙi, in dai kamfanin bai yanka mafi ƙarancin adadin da zai sayar maka ba. Tambayi wannan tun a kiran farko, don wasu ba sa rubuta shi a shafinsu.

Mai cibiyar jarrabawa ya zauna da biro a nan. JAMB na neman aƙalla kwamfuta 250 kafin ta amince da cibiya, waɗannan kuwa galibin shekara a lulluɓe suke da leda. In kan kowace kwamfuta kake biya, kuɗin gadin mai barci kake bayarwa. Kada kuma a buɗe asusu ɗaya a raba wa mutum uku don gudun biya. Ban da saɓa sharaɗi, ranar da aka goge wani abu kowa zai rantse ba shi ba ne, rajistar kuma sunanka kaɗai za ta nuna.

Na kyauta fa? An ce Tactical RMM ba a biyan ko sisi.

Manhajar ba a saye, gaskiya ne, kuma tana aiki. MeshCentral take amfani da shi wajen shiga allo, shi ma kyauta ne. Sai dai kai za ka samar mata uwar garke, wato kwamfutar da duk ejan za su riƙa aiko wa rahoto, kai za ka riƙa sabunta ta, kai za ka ajiye kwafinta, in aka fasa ta kai za a tambaya. Ejan ɗinta na kyauta ba shi da sa hannun dijital, don haka antibairos kan kama shi a matsayin ɓarawo; mai sa hannun sai ka shiga cikin masu tallafa wa aikin duk wata. Kada kuma ka ɗora uwar garken a shagonka kana dogaro da wutar KEDCO da inbata. Daren da batir ya mutu duk garuruwanka sun ɓace maka lokaci guda. Hayar uwar garke a intanet ta fi, ita ma da dala ce amma kaɗan.

In buƙatarka ba ta wuce sabunta Windows da ɗan leƙe ba, ManageEngine Endpoint Central na da na kyauta har kwamfuta 25, Action1 ma na barin adadin farko kyauta. Ga mai makaranta ɗaya da shagon magani biyu, wannan ya isa.

Na yanke shawara zan tashi. Daga ina zan fara?

Daga takardar kwantiragin tsohuwar, kafin ma ka buɗe gwajin sabuwar. Nemo abu uku: ranar ƙarewa, ko yana sabunta kansa, da kwana nawa ake so ka ba da sanarwa. Ni na sha wannan. Kamfanin da na fara da shi, ba sai na kama suna ba, akwai layi ɗaya a takardarsa da ke cewa in ban rubuto kwana talatin kafin wa'adi ba, an ɗaura wata shekarar. Na rubuta saura kwana goma sha ɗaya. Aka amsa mini da ladabi sosai, aka cire kuɗin. Shekarar nan wuri biyu na biya.

Rubuta sanarwar ta imel, ka nemi amsa a rubuce, ka adana. Cire katinka daga shafinsu ba soke kwantiragi ba ne, bashi ne ka fara tarawa. Ka kuma tabbatar da hanyar biyanka kafin ka fara kwasa: bankuna da yawa sun rufe biyan waje da katin naira tun 2022, wasu sun sake buɗewa a 2025 amma da iyaka. In kati ya ƙi a tsakiyar sauyi aka dakatar maka da tsohon asusu, ka rasa igiyar da za ka jawo kwamfutocin da ita. Dalilin yana cikin amsar dasa sabon ejan a ƙasa.

Wane lokaci ne ya fi dacewa a shekara?

Kowa hutun makaranta yake fara cewa, tunda babu mai amfani da kwamfutocin. Nan ne kuskuren. Ɗakin a kulle, makulli na wajen malamin da ya tafi gona ko ya tafi garinsu, janareto ba mai; kwamfutar da ke kashe kuwa ba ta karɓar umarni. Ka fara mako na biyu ko na uku bayan an dawo, lokacin da ake kunna su kusan kullum.

Kauce wa lokacin rajista da jarrabawar JAMB gaba ɗaya, kada ka taɓa cibiya sai an gama. Kauce wa Agusta da Satumba in kana da wurare a fadamar Haɗejiya, wajen Auyo da Kafin Hausa da Guri, don in abu ya lalace ruwa na iya hana ka kaiwa. Nuwamba zuwa farkon Disamba na fi so: hanya ta bushe, makarantu na aiki, sola na samun rana kafin hazo ya yi kauri.

Me zan kwaso daga tsohuwar kafin a rufe mini ita?

Jerin kwamfutoci dukkansu a fayil ɗin CSV, da sunan kowace, lambar jikinta, wurin da take, da ranar da ta yi magana ta ƙarshe. Wannan jerin shi ne rajistar da za ka riƙa kiran suna da ita har ka gama. Sai rubutattun umarninka, ka buɗe su ɗaya bayan ɗaya ka kwafe. Sai duk abin da ka taɓa cusawa a gurbin bayanai ka manta: kalmar sirrin rawuta, lambar layin da ke cikin MiFi na asibiti, lasisin manhajar akawu, lambar wayar mai riƙe da makulli. Tarihin koke-koke da rahotannin wata-wata ma ka sauke, ranar da Alhaji ya ce bai ga aikin da kake yi ba za su yi maka rana.

Makullan BitLocker, wato abin da Windows ke kulle bayanan faifai da shi, da ajiyar kwafi sun fi duk waɗannan haɗari, shi ya sa na ware musu amsa tasu.

Ta yaya zan dasa sabon ejan ba tare da na zaga gari-gari ba?

Da tsohon za ka dasa sabon. Duk sirrin aikin ke nan, kuma shi ya sa ba a sakin na hannu kafin a kama na guje. A sabuwar manhajar ka fara buɗe wa kowane wuri rukuninsa, don kowane rukuni da nasa fayil ɗin dasawa ko lambar shaida. In ka tura fayil ɗaya ga kowa, kwamfutocin asibiti da na makaranta za su zube wuri guda ka kwana kana tsince su. Sai ka rubuta ɗan umarni a tsohuwar: ya duba ko sabon ejan na nan, in babu ya sauke fayil ɗin ya dasa shi shiru. In fayil ɗin MSI ne, msiexec da /qn ke hana shi nuna komai a allo.

Kada ka tura shi sau ɗaya ka ce ka gama. A birni inda kwamfuta ke kunne daga safe zuwa yamma wannan kan wadatar. A nan wata ba ta tashi sai ranar kasuwa, wata sai an zuba wa janareto mai, wata awa biyu kawai take samu da hantsi. Saita umarnin ya riƙa gudana duk lokacin da kwamfuta ta hau intanet, tunda yana duba kansa ba zai dasa sau biyu ba. A wurin da kwamfutoci ke haɗe da waya ɗaya, sauke fayil ɗin a guda, sauran su ɗauka daga gare ta.

Gwaji kuma kada ka yi shi da laftof ɗinka mai kyau da ke kan Wi-Fi na gida. Zaɓi biyar mafi muni da kake da su: tsohuwar tokumbo mai RAM 4, wadda sabis ɗinta sai an ɗora MiFi a taga, wadda ke mutuwa duk sa'ad da aka kunna firij ɗin allurai. In waɗannan suka hau, sauran wasa ne.

Ejan biyu a kwamfuta ɗaya ba za su yi faɗa ba?

Suna zama lafiya in ka raba musu aiki. Lura da rahoto kowa ya yi nasa. Sabunta Windows kuwa ɗaya ne kaɗai zai riƙe. In ka bar su duka, wannan na saukewa wancan na sake kunna kwamfutar, data ta tafi, mai shago ya kira ka yana faɗa. Ranar da rukuni ya gama hawa sabuwar, kashe sabuntawa da saƙon gargaɗi na rukunin a tsohuwar, ka bar mata hanyar shiga kawai. Tsofaffin kwamfutoci za su ɗan yi nauyi a 'yan makonnin, gaya wa masu su tun kafin su lura.

Data nawa abin zai ci? Masu wurin ne ke saya.

Gaisuwar da ejan ke aikowa 'yar kaɗan ce. Mai cin data ita ce sabuntawa, musamman makon farko, lokacin da sabuwar manhaja ta leƙa ta ga abubuwan da tsohuwar ta tsallake ta ce sai ta sauke su duka, na Windows da Chrome da Office. Kwamfuta ashirin a kan MiFi ɗaya na iya shanye datar wata kafin azahar. Tunda NCC ta amince da ƙarin kashi 50 a Janairun 2025, ba wanda ke yafe wannan.

Saboda haka ka shigo da su sabuntawa a kashe, ka buɗe wa rukuni ɗaya-ɗaya. Kunna Delivery Optimization na Windows yadda kwamfutocin ɗaki ɗaya za su raba abin da guda ta sauke. Inda aka sa Starlink, wanda ya shigo Nijeriya a farkon 2023, wannan damuwar ta ragu, sai dai shi ma wuta yake ci, in inbata ta ɗauke ya ɗauke.

Na tura umarni, tsohuwar ta ce ya yi, amma wasu kwamfutocin sun ƙi bayyana a sabon allo. Me ya faru?

Fara da agogo. Akwai wata kwamfuta a ɗakin kati na wani ƙaramin asibiti da ta ƙi hawa mako uku. Na kira mai kula da wurin, ya ce, "Wallahi Injiniya kullum a kunne take, yanzu ma ga yarinyar tana shigar da kati." Na hau babur na bi burji fiye da awa ɗaya. Da na zauna gabanta na kalli kusurwar allo, sai na ga tana cikin shekarar 2012. Ɗan batirin nan mai kamar kwabo da ke kan allon uwa (motherboard), CR2032, ya mutu, don haka duk ɗaukewar wuta agogo ya koma baya. Ejan ta amintacciyar hanya yake magana da gidansu, takardar shaidar hanyar kuma tana da ranar farawa da ta ƙarewa. Kwamfutar da ke ganin 2012 sai ta ce takardar ba ta fara aiki ba, ta ƙi. Batirin bai kai rabin kuɗin man da na ƙona ba. Yanzu kati guda na batirin nake yawo da shi a jaka, kuma umarnin dasawata gyara agogo yake fara yi.

Na biyu Deep Freeze da ire-irensa, da ake sawa a ɗakunan kwamfuta na makarantu da kafe don yara kada su ɓata. Ejan zai dasu, ya bayyana, da an sake kunnawa ya ɓace kamar ba a yi ba. Sai an narkar da kwamfutar, a dasa, a sake daskarar da ita. Na uku kwafin faifai: in ka dasa ejan a guda ka kwafe faifanta zuwa hamsin, dukkansu za su zo da shaida ɗaya, allo ya nuna maka kwamfuta ɗaya mai canja suna kamar hawainiya. A dasa ejan bayan kwafi.

Na huɗu tsufa. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 7 ranar 14 ga Janairun 2020, Windows 10 kuma ranar 14 ga Oktoban 2025, masu RMM na bin sahu a hankali, suna daina sakin ejan ga tsofaffi. In kana da masu Windows 7, kamar wadda ke haɗe da wata na'urar gwaji da ba ta yarda da sabo, tambayi sabon kamfanin tun kafin ka sa hannu. In duk ba waɗannan ba ne, duba ko antibairos ya tsare fayil ɗin, ko rawutar makaranta na toshe adireshin.

Rubutattun umarnina da saitin gargaɗi za su biyo ni?

PowerShell ɗin ciki, wato yaren da ake rubuta umarnin da shi, zai biyo ka, don na Windows ne. Abin da ba zai biyo ba shi ne yadda kowace manhaja ke miƙa wa umarni sunan wuri ko kalmar sirri, da yadda take gane ya yi nasara ko ya faɗi. Wannan sai ka sake rubutawa. Za ka tarar rabin umarnin ma ba ka ƙara buƙatarsu ba.

Saitin gargaɗi kuwa kada ka karɓi wanda suka zo da shi. An tsara shi ne don ofishin da wuta ba ta ɗaukewa, inda kwamfuta in ta yi shiru minti goma akwai matsala. Daren farko da na bar shi haka, na tashi sallar asuba na tarar da saƙo fiye da ɗari uku, duk labari ɗaya: an ɗauke wuta. Yanzu kwamfutar aiki sai ta yi kwana uku shiru nake son ji. Wadda ke riƙe da bayanan asibiti ko na akawu ita ce na bar wa awa biyu. Na ƙara gargaɗin zafi, don daga Maris zuwa Mayu, ga rana ga ƙurar da hunturu ya bari a fanka, shi ke kashe su.

Antibairos da ajiyar kwafin da suka zo tare da tsohuwar fa? Da makullan BitLocker?

In ta hannun tsohon kamfani ka sayi Bitdefender ko Webroot ko SentinelOne, lasisin da kwantiragin zai tafi. Mafi muni, irin waɗannan na da kariyar da ke hana a cire su sai da izini ko kalmar sirri daga allonsu. In aka rufe maka allon kafin ka cire, ka bar mai gadin da ba ya karɓar umarnin kowa, ba ya sabuntuwa, ba ya kuma barin wani ya zauna. Cire shi tun kana da iko, ka tabbatar sabon ya hau ko Microsoft Defender ya farka.

Ajiyar kwafi da ke gajimaren tsohon kamfani gogewa ake yi bayan rabuwa, wani lokaci cikin 'yan kwanaki. Fara sabuwar ajiya da wuri, don ta farko kan ɗauki makonni a irin sabis ɗinmu, sannan ka gwada dawo da fayil ɗaya ka buɗe shi da idonka kafin ka saki tsohuwar.

BitLocker kuwa makullin cetonsa lamba 48 ne, kuma RMM da yawa na adana shi ba tare da ka kula ba. Laftof na iya neman sa bayan an taɓa BIOS ko an canja allon uwa. In makullin ya tafi da tsohon asusu, bayanan sun tafi, babu wani gwani a Kano ko Legas da zai buɗe. Fitar da su duka, ka sa sabuwar ta sake tattara su, ka gwada biyu ko uku ka ga sun dace.

Yaushe zan cire tsohon ejan, kuma yaya?

Sai jerin CSV ɗin da ka fitar tun farko ya cika, suna bayan suna, ba jimilla kawai ba. Kowace kwamfuta ta cika sharaɗi uku: ta bayyana a sabon allo, ta karɓi umarni ta amsa, ka kuma shiga allonta sau ɗaya. Kore a allo ba ya nufin za ka iya shiga. Daga nan sai ka juya aikin, sabon ya cire tsohon.

Ka bi sawu bayan cirewa, don suna barin kaya. Manhajar shiga allo da ta zo tare da shi, kamar Splashtop ko ScreenConnect, sau da yawa tana zama. Asusun admin da tsohon ya buɗe yana zama. Saitin da ya rubuta a rajistar Windows na hana sabuntawa ta kai tsaye ma yana zama, sai kwamfuta ta shekara ba ta sabuntu ba kana ganin komai lafiya. Rubuta umarni ɗaya da zai zaga ya nemo waɗannan ukun.

Sabuwar za ta fi tsohuwar tsaro?

Kada ka sauya don wannan kaɗai, babu wadda ta fi ƙarfin ɓarawo. Ranar 2 ga Yulin 2021 'yan kutsen REvil suka shiga ta Kaseya VSA, suka bi ta ejan suka kulle bayanan kamfanoni da ƙiyasi ya kai har 1,500, suka nemi fansar dala miliyan 70. A Suwidin sai da kantunan Coop kusan 800 suka rufe, don injinan karɓar kuɗinsu sun tsaya. A Fabrairun 2024 aka gano wata ɓaraka a ScreenConnect da ke barin baƙo ya buɗe wa kansa asusun admin, waɗanda suka ɗora ta a uwar garkensu ba su sabunta da wuri ba suka ji jiki. Mai son Tactical RMM ya sake karanta wannan layin.

Abin da ke hannunka shi ne ƙofarka. Sa tabbaci mai mataki biyu a kan kowane asusu, da manhajar lambobi a waya, ba saƙon tes ba, don ana sace layi, kuma a ƙauye tes ɗin ma sai ya ga dama yake shigowa. Yaron shago ya sami asusunsa mai iyaka, ranar da ya bar ka ka rufe. Duk umarni ko sabuntawa ka fara da kwamfuta biyar ka kwana. CrowdStrike ba RMM ba ne, manhajar tsaro ce, amma sabuntawarsa guda ta 19 ga Yulin 2024 ta durƙusar da kwamfutocin Windows miliyan 8.5 a ƙiyasin Microsoft, kuma yawancinsu sai da mutum ya je gabansu. Ka ƙiyasta hakan a garuruwa goma sha biyu da babur ɗaya.

Sai na gaya wa masu kwamfutocin? Ai ba za su gane ba.

Za su gane in ka faɗa da Hausa. Ni cewa nake, "Ranka ya daɗe, mai gadin da na ajiye a kwamfutocinku zan canja. Za ku ga sabuwar alama a ƙasan allo kusa da agogo, ga hotonta. Duk wanda ya kira ya ce daga wajena yake, a sauke wani abu ko a karanto masa lamba, a kashe a kira ni." Wannan na ƙarshen ya fi muhimmanci, don lokacin sauyi ne mutane suka fi saurin yarda da baƙon abu a allo. Hukumomin tsaron intanet na Amurka sun yi gargaɗi a Janairun 2023 cewa 'yan damfara na amfani da halastattun manhajojin shiga allo, irin su AnyDesk da ScreenConnect, wajen yashe asusun mutane.

Akwai kuma doka. Dokar kare bayanai ta Nijeriya ta 2023, wadda hukumar NDPC ke kula da ita, ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar kulawa ta musamman, kai kuma mai iya buɗe kwamfutar asibiti daga ɗakinka kana cikin masu alhaki. Sanar da su a rubuce, ko da shafi ɗaya ne, da sunan sabon kamfanin. A kwamfutar likita da ta akawu da ta Hajiya mai shagon magani, saita ta nemi izini kafin allonsu ya buɗe maka.

Kwantiragi ya ƙare jibi, saura kwamfuta bakwai ba su hau ba. Ya zan yi?

Fara tambayar tsohon kamfanin ko zai ƙara maka wata ɗaya kan bakwai ɗin kaɗai. Wasu na yarda, wasu sai shekara. In sun ƙi, yau ɗin nan ka fitar da makullan BitLocker na bakwai ɗin da kalmar cire antibairos da fayil ɗin cire tsohon ejan, tun allon na buɗe. Sannan ka bi su da waya ɗaya-ɗaya. Cikin bakwai za ka tarar biyu sun mutu tun bara suna sito, ɗaya shugaban makaranta ya kai gida yara na kallo da ita, ɗaya an yi mata sabon Windows a wajen wani mai gyaran ba a gaya maka ba.

Sauran ukun sai hannu. A kowane gari ina da wanda ya iya danna abu: malamin kwamfuta, mai POS na bakin tasha, ɗan hidimar ƙasa da aka turo. Ina sa fayil ɗin dasawa a filash, in rubuta sunan wurin da biro a jikin salatif, in ba direban motar da ke zuwa ranar kasuwa, Lahadi Gujungu, Alhamis Maigatari. In aika saƙon murya a WhatsApp: soka filash, danna fayil ɗin sau biyu, in ta tambaya ka ce eh, ka duba kwanan wata a kusurwa ka karanto mini. Kalmar sirrin admin da zan ba shi ta ranar ce kawai, da kwamfutar ta bayyana a allona nake canja ta. Shi kuma in tura masa katin waya.